Gas Na Zuwa, Ina Mafitarsa?

Jama'ar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, kun ji labarin bututun gas da aka soma shimfiɗawa a 2020 daga Ajaokuta, ya biyo ta Kaduna ya nufi Kano, tsawonsa kilomita 614. Manya sun yi ta gaya mana alherinsa: wuta, taki, masana'antu. Madalla, muna so. Amma akwai tambaya guda da ba mu ji an amsa mana a kasuwa ba, watau in gas ya matsu ya fi ƙarfin ƙarfen da ke riƙe da shi, ta ina zai fita?

Mu ba baƙin wannan tambaya ba ne. A watan Agusta na 1988 ruwa ya fi ƙarfin madatsar Bagauda, ta fashe, ta kwashe gonaki da gidaje, ta yanke hanya. Bayan wannan ne aka rage tsayin mafitar ruwan Tiga a 1992, domin ruwa ya riƙa zubewa tun bai kai inda zai yi ɓarna ba. To, gas ma haka yake, sai dai shi ba a ganinsa, kuma yana cin wuta.

A kowace tasha ko masana'anta ana sa bawul mai buɗe kansa in matsi ya wuce ƙa'ida. Abin da ya fita sai ya bi wani bututu zuwa tanki inda mai da ruwa za su kwanta, sa'an nan iskar ta hau doguwar hasumiya a ƙone ta can sama. Tun kafin a haƙa harsashi, injiniyoyi sukan auna wannan duka a kwamfuta: in gobara ta tashi fa? In lantarki ya ɗauke, bawul goma suka buɗe a lokaci guda, bututun zai ɗauke su, ko kuwa za su tokare juna? Zafin harshen wutar kuma, taku nawa zai kai? Wannan ta ƙarshe ita ta fi damun mai gonar dawa a gefen shinge, da mai tallar rake a bakin hanya.

Kada wani ya ce mana ai Turawa sun gama lissafi. A matatar mai ta Texas City a Amurka, ran 23 ga Maris 2005, bawuloli sun buɗe daidai yadda aka yi su, amma tankin da suka zuba a ciki ya yi kaɗan, kuma ba a haɗa shi da hasumiyar ƙonawa ba. Mai ya yi ambaliya, ya kama wuta, mutum 15 suka mutu. A Bhopal ta Indiya kuwa, a Disamba 1984, hasumiyar tana nan tsaye amma ba ta aiki a daren da guba ta fita, dubban talakawan da ke barci kewaye da masana'antar suka hallaka. Masu kamfani ba su kwana a bakin shinge.

Saboda haka muna neman abu kaɗan ne. Duk inda za a kafa tashar gas ko masana'anta a ƙasarmu, lissafin nan a ba wani injiniya dabam, wanda ba ɗan kwangila ke ciyar da shi ba, ya sake bi. In an ƙara injuna daga baya, a sake lissafin. A riƙa gwada bawuloli a kan lokaci, a rubuta ranar. Sa'an nan a tara jama'a gaban dagaci, a faɗa mana da Hausa iyakar inda za mu yi gini da inda za mu kasa kaya, a kafa alama. Kansiloli da 'yan majalisarmu su kai wannan magana, mu kuwa za mu tambaye su ranar kasuwa.