Harajin Baƙunci a Ƙasar Butan

Ku sani akwai wata ƙaramar ƙasa sunanta Butan, a maƙale cikin duwatsun Himalaya tsakanin Indiya da Sin. Jama'arta ba su kai miliyan ɗaya ba, galibinsu mabiya addinin Buda ne. Ba su buɗe ƙofa ga masu yawon ganin ƙasa ba sai a 1974, kuma tun daga lokacin suka kafa ƙa'ida: baƙi kaɗan, kuɗi mai yawa.

Baƙon da ya zo daga nesa yana biyan hukuma haraji a kan kowane dare, ban da kuɗin masauki da abinci da ɗan jagora. A 2022 aka ɗaga harajin daga dala 65 zuwa 200. Da baƙi suka ja baya, aka sauke shi zuwa 100 a 2023. Attajirai kan sauka a garin Paro, su kwana a masaukai irin su Amankora, inda dare ɗaya kan zarce dala 1,000. Da safe su hau zuwa Taktsang, wurin ibadar da aka gina a 1692 a jikin dutse, sama da ƙafa 10,000 bisa teku.

Waɗansu suna cewa rowa ce, an hana talaka ganin ƙasa. Ni a ganina hikima ce. Kowane falke ya sani araha ba ta ado, kuma wanda ya karyar da hajarsa yau, gobe ba shi da abin kai wa kasuwa. Hajar Butan ita ce daji da tsafta da natsuwa, waɗanda cunkoso ke kashewa. Shi ya sa tsarin mulkinsu na 2008 ya wajabta a bar kashi 60 cikin ɗari na ƙasar daji har abada.

Mafi girma daga wannan shi ne abin da suka ƙi sayarwa. Dutsensu Gangkhar Puensum, mai tsawon ƙafa 24,836, ba mahaluƙin da ya taɓa taka ƙololuwarsa, gama suna girmama shi, kuma a 2003 suka haramta hawan manyan duwatsu baki ɗaya. Nepal kuwa tana sayar da izinin hawan Everest, har ta kai ana tura mutane kwaso shara daga kansa.

Sai dai akwai sharaɗi. Tun 2022 dubban samarin Butan masu ilimi sun yi ƙaura zuwa Ostiraliya neman abinci. Wannan alama ce cewa arzikin baƙunci bai ishi 'yan gida ba tukuna. Lalle ne rabon ya kai ga manomi, da mai dokin da ke ɗaukar baƙo, da yaron da ya gama makaranta. In ba haka ba, an tsare gida don baƙo, masu gida sun watse.