Waya daga sararin samaniya: Ƙalubalen da ke jiran karkarar arewacin Kano

A ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa, Kunci da Tsanyawa, wayar hannu ta daɗe da zama kayan aiki. Da ita manomi ke jin farashin gero da wake a Dawanau kafin ya ɗora buhu a mota, da ita kuma mai POS ke biyan dillali ranar kasuwa. Saboda haka alƙawarin da kamfanoni ke yi na haɗa wayar talaka kai tsaye da tauraron ɗan Adam, ba tare da turken sadarwa ba, ya shafi aljihun mutanen wannan yanki. Sai dai cikar alƙawarin ta rataya ne a kan wata matsala da ba a cika tattaunawa ba, wato yadda saƙonnin taurari da na turaka ke yi wa juna katsalandan.

Duk mai sauraron rediyo ya san abin da ke faruwa idan tashoshi biyu suka haɗu a mita ɗaya: murya ta hau murya, a rasa ta kamawa. Haka lamarin yake a sadarwar waya. Zangon da saƙo ke bi ƙayyadadde ne, masu neman sa kuma kullum ƙaruwa suke yi. Tauraron Najeriya, NigComSat-1R, wanda aka harba daga ƙasar Sin a Disambar 2011, yana can nisan kilomita kusan 36,000, kuma daga ƙasa ana ganin sa a wuri ɗaya. Taurarin Starlink kuwa dubbai ne, suna gudu a nisan kilomita 550 ko ƙasa da haka, suna gilmawa tsakanin manyan taurarin da na'urorin da ke karɓar saƙonsu.

Najeriya ta taɓa ɗanɗana irin wannan cunkoso. Zangon da ya fi dacewa da 5G yana cikin wanda NigComSat ke amfani da shi. A Mayun 2021, lokacin da Farfesa Umar Garba Ɗanbatta ke shugabantar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, hukumomin biyu suka sa hannu a yarjejeniyar da ta matsar da ayyukan tauraron zuwa wani ɓangare. Bayan an share hanya ne aka yi gwanjo a Disambar shekarar, inda MTN da Mafab kowannensu ya ci lasisi a kan dala miliyan 273.6. Rabon ya zo kafin ciniki, shi ya sa aka zauna lafiya.

Sabon tsarin ya fi wancan sarƙaƙiya, domin tauraron zai yi magana da wayar ne a zangon da kamfanonin waya ke amfani da shi a ƙasa. SpaceX ta fara harba irin waɗannan taurari a Janairun 2024. A Maris na 2025 MTN da kamfanin Lynk suka gwada kira ta tauraro da wayar hannu ta yau da kullum a Afirka ta Kudu, sannan a ƙarshen shekarar Airtel Africa ta sanar da yarjejeniya da Starlink domin ƙasashe 14 da take aiki a cikinsu, har da Najeriya da Nijar. A Amurka, inda aka riga aka fara, AT&T da Verizon sun kai ƙorafi gaban hukumar sadarwar ƙasar a 2024, suna cewa ƙara ƙarfin saƙon taurarin zai raunana sabis ɗinsu.

A nan yanayin arewacin Kano ya zama abin lura. A hamada ko tsakiyar teku tauraro ba shi da abokin karo. Amma daga Bichi zuwa Minjibir gari na jin kiran sallar gari, gona na manne da gona, kuma turaka na tsaye a bakin manyan tituna, yayin da ƙauyen da ke bayansu da 'yan kilomitoci ke fama da sabis mai zuwa yana ɗaukewa. Hasken tauraro guda yana rufe fili mai faɗin gaske, ya haɗa mai sabis da marar sabis a inuwa ɗaya. Wanda ke gefen iyakar turke, wanda dama saƙonsa rarrauna ne, shi zai fara jin illar katsalandan. Yawan jama'a kuma na nufin mutane da dama ne za su raba ɗan abin da tauraron ya kawo.

Hanyoyin rage matsalar sanannu ne ga injiniyoyi. Ana ware wa tauraro wani yanki na zangon shi kaɗai, ana ƙuntata haskensa ya sauka inda ake buƙata, ana ƙayyade ƙarfin saƙon da zai iso ƙasa, ana kuma hana shi aikawa a lokacin da ya daidaita da layin manyan taurari. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, da ke Jeniba, tana da ƙa'idojin kare manyan taurarin, kuma ta sa batun haɗa waya da tauraro a ajandar babban taronta na 2027. Batun iyaka ma na nan: hanyar Ɗambatta ta Kazaure da Daura tana kaiwa Nijar, kuma hasken tauraro bai san shingen kwastan ba, don haka dole Abuja da Yamai su daidaita.

Aikin da ke gaban NCC shi ne ta maimaita abin da ta yi a 2021: ta fitar da ƙa'ida kafin kasuwa ta buɗe, ta sa a yi gwaji a yanki mai cunkoso irin na Kunci da Bagwai, ta bayyana sakamakon ga jama'a. Wajibi ne kuma kada zuwan tauraro ya zama hujjar da kamfanoni za su daina kafa turaka a karkara, musamman bayan ƙarin kuɗin kira na kashi 50 cikin 100 da aka amince musu a Janairun 2025. Ɗan kasuwar Dawanau da ke jiran kaya daga Tsanyawa abu ɗaya yake so: idan ya kira, a ɗauka, a kuma ji shi.