Finafinan Almarar Kimiyya da Sha'anin Baƙo

'Yan uwa da abokan arziki, musamman waɗanda muke zaman neman abinci tare a nan Kurmi, tun daga Agege da Idi-Araba, zuwa Sabo ta Ibadan, har Ama Hausa ta Owerri.

Yau ina so mu taɓa wani batu da na san wasu za su ce bai shafe mu ba, wato tarihin finafinan almarar kimiyya, irin waɗanda ake nuna kumbo da mutum-mutumi da halittun wata duniya. A ganina mu ne ma ya fi shafa, domin sama da shekara 120 ke nan waɗannan finafinai suna juya tambaya guda: idan baƙo ya sauka a garinku, yaya za ku yi da shi? A Turanci kalma ɗaya ce, alien, ake kiran halittar da ta sauko daga sararin samaniya da ita, kuma da ita ake kiran mutumin da ba ɗan ƙasa ba. Tana ma cikin sunan dokar da gwamnatin Busia ta kafa a Gana a 1969, wadda ta kori dubban baƙi, har da Hausawa.

Mu faro daga tushe. A 1902 wani Bafaranshe, Georges Méliès, ya fitar da ɗan gajeren fim na tafiya duniyar wata. Masana shida ne aka cusa cikin wani ƙaton harsashi, aka harba su da igwa. Da suka isa suka tarar da mazauna wurin, sai suka riƙa bugun su da laima suna fashewa suna zama hayaƙi, suka kashe sarkinsu, suka dawo gida aka yi musu biki, ga ɗaya daga cikin mutanen watan a kame ana nuna shi ga jama'a. Ku dubi shekarar da kyau. Faransa ta ci Damagaram a 1899, Ingila kuma ta ci Kano da Sakkwato a 1903. Ashe a wancan zamani Bature ne baƙon, kuma da ƙarfi yake shiga gari. Da aka kai 1927, Fritz Lang na Jamus ya yi Metropolis, birnin da attajirai ke shan iska a sama, leburori kuma suna ƙarƙashin ƙasa suna juya injuna, kamar ba 'yan gari ɗaya ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai reshe ya juye da mujiya. Waɗanda suka saba shiga ƙasar wasu suka fara tsoron a shigo tasu. Ga bam ɗin nukiliya, ga yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet. A fim ɗin The Day the Earth Stood Still na 1951, baƙon ya sauka a Washington da saƙon zaman lafiya, yana fito da kyautar da ya kawo sai wani soja ya harbe shi. A 1954 Japanawa suka yi Godzilla, dodon da gwajin bam ya tayar daga teku, shekara 9 kacal bayan Hiroshima. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Invasion of the Body Snatchers na 1956. A nan baƙin ba su da ƙaho ko wutsiya, kamannin maƙwabcinka suke ɗauka, har ya zama kowa na zargin kowa. Duk wanda ya taɓa zama a garin da rikici ya ɓarke, ya ga yadda mai sayen kayansa na shekara da shekaru ya fara yi masa wani irin kallo, ya san wannan tsoron ba almara ba ne.

A 1968 Stanley Kubrick ya fitar da 2001: A Space Odyssey, shekara guda kafin mutum ya taka wata, inda kwamfutar kumbon ta juya wa masu ita baya. Star Wars ya zo a 1977 da tarin halittu iri-iri suna cuɗanya a mashaya ɗaya, Alien kuma a 1979 ya dawo da tsoro ɗanye. To amma a watan Yunin 1982 finafinai biyu suka fito da suka sauya tambayar. A E.T. na Steven Spielberg baƙon ɗan ƙarami ne da 'yan uwansa suka tafi suka bari, ba ya neman komai sai hanyar gida, yara ne suka ɓoye shi, hukuma ce ke farautarsa. A Blade Runner kuma mutanen da aka ƙera don bauta ne suka gudo, ana bin su ana kashewa, mai kallo kuwa yana rasa wa ya fi wani tausayi tsakanin su da masu kisan. Daga nan aka fara ba da labarin ta bakin baƙon. Masu son finafinan Indiya sun ga irin wannan a Koi... Mil Gaya na 2003, da kuma PK na Aamir Khan a 2014. Sai dai abin kunya, watanni kaɗan bayan fitowar E.T., a Janairun 1983, gwamnatinmu ta Shagari ta kori baƙi marasa takardu, akasarinsu 'yan Gana. Abin da aka yi wa namu a 1969, shi muka rama.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne District 9 na 2009, wanda Neill Blomkamp ya shirya. Kumbo ya tsaya cak a saman Johannesburg, aka kwashe halittun cikinsa aka zuba su a unguwar kwano da shinge, aka laƙaba musu sunan raini, daga baya aka zo da takardar tashi. Labarin ya samo asali daga District Six ta Cape Town, unguwar da gwamnatin wariyar launin fata ta keɓe wa farare a 1966, ta tashi mutum sama da 60,000. Kuma ya fito shekara guda bayan harin da aka kai wa baƙi a Afirka ta Kudu a Mayun 2008, inda aka kashe mutum 62. To ga abin mamaki: fim ɗin da ya zo kare baƙo, shi ne ya nuna 'yan Nijeriya a matsayin 'yan daba masu cin naman halittun don neman asiri, har shugabansu aka ba shi suna mai kama da na Obasanjo. Marigayiya Dora Akunyili, ministar yaɗa labarai a lokacin, ta nemi gidajen silima su daina nuna shi. Ni dai ina ganin an ci mutuncinmu, amma kuma ina ganin da an bari mun kalla da mun ƙaru. Ya nuna mana cewa mutum na iya zubar da hawaye saboda baƙo ɗaya alhali ƙafarsa na kan wuyan wani baƙon. Mu da ranmu ke ɓaci idan an kira mu "aboki" da sigar raini, ya kamata mu tambayi kanmu da wane suna muke kiran mutanen Sabon Gari idan mun koma gida.

Na san wasu dattawanmu za su ce ai duk ƙarya ce da ɓata lokaci, ga tsiraici ga zubar da jini. Akwai gaskiya a nan, ba kowane fim ya dace a kunna a gaban yara ba, kuma aikin uba ne ya tace. Amma gizo ma ba gaskiya ba ne, kuma da shi kakanninmu suka koya mana wayo da kunya. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan suna kallon waɗannan finafinai a waya, ko mun so ko mun ƙi. Gara mu zauna tare da su mu tambaye su: wane ne baƙo a wannan labarin, kuma wa ya fara ɗaga makami? A Arrival na 2016, lokacin da sojoji ke shirin yaƙi da kumbo 12 da suka sauka, wata masaniyar harsuna ce ta raba gardama, domin ta zauna ta koyi yaren baƙin. Yaron da ke jin Hausa a gida, Yarbanci ko Ibo a layi, Turanci a makaranta, ya san darajar wannan aikin fiye da kowa.

Yanzu kuma Afirka ta fara ba da nata labarin. Wanuri Kahiu ta Kenya ta yi Pumzi a 2009, a 2024 kuma aka fitar da Iwájú, zane mai motsi da ke hasashen Legas ta gaba, masu kuɗi a tsibiri, talakawa a tsallaken ruwa. Tambayata ga matasanmu masu rubutu da masu kyamara ita ce, a Legas ta shekara 100 masu zuwa, ina Bahaushe yake? Idan ba mu rubuta da kanmu ba, wani zai rubuta mana, kuma mun ga irin matsayin da aka ba mu a 2009.

Allah ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya sa mu ma mu iya riƙe baƙo. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.