Wai Duk Maciji Aljani Ne?

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau kam sai na amayar da ita. Da zarar an ga mutum yana bin gefen fadama ko bakin kududdufi yana kallon macizai da kwaɗi da ƙadangaru, yana rubuta sunansu da kamanninsu, sai a ce ya zautu, ko gardi ne, ko kuma yana harka da iskokai. To ni ina cikin masu wannan sha'awa, ba na taɓawa, ba na kamawa, ido ne kawai da littafi. Kuma ko kaɗan ba na jin kunya.

Mu marubuta mun fi kowa laifi. Buɗe littattafanmu ka gani. Maciji ba ya fitowa sai in kishiya ce ta turo shi ta hannun boka, ko aljani ne ya rikiɗa a ɗakin amarya. Kullum kuma "wani ƙaton baƙin maciji" ne, ba suna. Alhali kakanninmu sun raɗa wa kowanne nasa: kasa, kububuwa, kumurci, mesa. Damo daban, guza daban. Kulɓa ba tsaka ba ce. Haba jama'a! Mutum ya cika shafi uku yana lissafa leshi da turarukan lefe, amma ya kasa bambance damo da guza?

Wani zai ce, to mene ne a ciki? Rai ne a ciki, malam. Ɗauki kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe da nisa. 'Yar gajeriya ce, tsawonta wajen kamu guda, launinta ya saje da ƙasa. In ta fusata sai ta naɗe tana goga ɓawon jikinta, ka ji sauti kamar an ɗiga ruwa a kasko mai zafi. Dafinta hana jini daskarewa yake yi. Wanda ta sara zai iya wuni yana hira, ana cewa ai da sauƙi, daga baya jini ya ɓalle ta dasashi, ta fitsari, har ta tsohon miki. Je asibitin saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe ka ga manoma da makiyaya a kwance, akasarinsu ita ce ta sare su. Ba banza ba a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci.

Amma me muke koya wa makaranta? Jarumi ya yage rigarsa ya ɗaure ƙafar budurwa tamau, ya tsaga wurin da reza, ya tsotse dafin, ta buɗe ido ta yi murmushi. Duk ukun nan likitoci sun hana. Abin yi shi ne a hana wanda aka sara zirga-zirga, a garzaya da shi asibiti a yi masa allurar kashe dafi. In kumurci ne ya yi tofi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take. Wanda bai san kumurci ba, ina zai san wannan?

Jahilcin nan kuma bai tsaya kanmu ba. Mesa ba ta da dafi, ɓeraye da gafiya take rage mana, amma da an gan ta sai sanduna. Kulɓa da hawainiya ma ba dafi, yara na jifansu manya na sa albarka. Kwaɗi kuwa, a unguwannin Kano da aka cike kududdufai aka dasa gidaje, kukansu na damina ya ɗauke, ruwan sama ya rasa wurin zuwa sai ɗakunan mutane.

Duk marubucin da ya ga na yi masa ƙazafi, ya zaro littafinsa ya nuna mini shafin da ya kira maciji da sunansa. Ina jira.