Tuntuɓen Alƙalami Daban, Kuskuren Hukunci Daban

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Haka hukuncin kotun ƙarshe yake. Sashe na 235 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce babu ɗaukaka ƙara bayan Kotun Ƙoli. Iyakacin abin da kotu ke iya gyarawa bayan ta yanke hukunci shi ne tuntuɓen alƙalami, watau suna ko adadi ko kalmar da ba ta dace da nufinta ba.

An ga irin wannan a Nuwamban 2023 a shari'ar zaɓen gwamnan Kano, inda rubutaccen hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara ya saɓa wa abin da aka karanta a zaure. Kotun ta ce kuskuren rubutu ne. Amma a 2020, da aka nemi Kotun Ƙoli ta sake duba hukuncinta kan Jihar Imo da Jihar Bayelsa, ƙi ta yi, domin ba rubutu ake so ta gyara ba, ra'ayi ake so ta sake.

Wannan ƙa'ida tana da hikima. In da alƙali zai warware hukuncinsa duk ranar da mai ƙarfi ya koka, da shari'a ba ta ƙarewa, talaka kuwa shi zai fara gajiya.

To, amma abin da ya faru a Jihar Filato abin dubawa ne. A 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tsige 'yan majalisar jihar 16 na jam'iyyar PDP a kan yadda aka tsayar da su takara. A Janairun 2024, cikin shari'ar Gwamna Caleb Mutfwang, Kotun Ƙoli ta ce ba hurumin kotun zaɓe ba ne ta shiga wannan batu. Gwamna ya tsira, su kuwa ba su koma kujerunsu ba, domin sashe na 246 ya sa shari'ar 'yan majalisa ta tsaya a Kotun Ɗaukaka Ƙara. Hujja ɗaya, sakamako biyu, an bar masu jefa ƙuri'a da cizon yatsa.

Maganin ba wai a matsa wa alƙalai su lashe amansu ba ne. Majalisar Tarayya da majalisun jihohi su ke da ikon gyara sashe na 246, yadda duk batun da ya shafi hurumin kotu zai iya kaiwa Kotun Ƙoli cikin ƙayyadadden lokaci. Tilas shari'a ta kasance da ƙarshe, amma ya kamata ƙarshen ya zama ɗaya ga kowa.