Yaron da ƙafarsa ke murɗewa da yamma

Akwai wasu cututtukan gado da ke haɗa murɗewar tsoka da sandarewar jiki da karkarwa irin ta ciwon Parkinson. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Lubag na tsibirin Panay a ƙasar Filifin, mai kama maza ta hanyar gadon uwa, kuma har yau ba shi da magani mai warkarwa. Amma wanda ya kamata ya dami hukumomin lafiya na Ƙonni da Malbaza da Illela shi ne ɗan'uwansa da likitan yara ɗan Japan, Masaya Segawa, ya bayyana wa duniya a 1976. Yana farawa tun ƙuruciya, galibi a ƙafa, ya fi kama 'yan mata, kuma yana da alama ta daban: yaro ya tashi da safe garau, yamma na yi ƙafa ta karkace, tafiya ta gagara, barci kuma ya sake sassauta shi. Dalili shi ne ƙwaƙwalwarsa ba ta haɗa isasshen sinadarin dofamin. Ƙwayar levodopa kaɗan takan miƙar da irin wannan yaro, ya ci gaba da tafiya muddin yana shan ta.

A ƙauyukanmu irin wannan sauyi na safe da yamma shi ke sa a ce iska ce, ko shan inna, ko ma ganganci. Kuɗin gida su ƙare a turare da rubutu. A manyan asibitocin duniya ma an sha ɗaukarsa a matsayin lalurar ƙwaƙwalwa ta haihuwa, balle a nan, inda ganin ƙwararren likitan jijiya kan iya zama tafiyar fiye da kilomita 400 zuwa Yamai, ko tsallaka iyaka zuwa asibitin koyarwa na Sakkwato. Don haka ina ganin a koya wa ma'aikatan cibiyoyin lafiya na CSI tambaya guda, wato ko ciwon ya fi tsanani da yamma, sannan a ba likitocin asibitin gunduma da na Galmi damar gwada levodopa a ƙarƙashin kulawarsu.

Za a ce ciwon da ake ƙiyasta yana kama kusan mutum ɗaya cikin miliyan bai isa ya raba hankalin da ke kan zazzaɓin cizon sauro da tamowa ba. Gaskiya ne, da asibiti na musamman ake nema. Tambaya ba ta cin ko dala, levodopa kuwa tana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma tsofaffinmu masu karkarwar Parkinson, waɗanda suka fi yawa nesa ba kusa ba, ita suke buƙata. Za a kuma ce ba mu da na'urar gwajin gado. Amsar jikin yaro ga ƙwayar ita ce babbar shaida. In bai amsa ba, kamar yadda yawancin masu Lubag ba sa amsawa sosai, sai a tura shi gaba.

Saura batun auren zumunta, wanda wasu ke hanzarin ɗora wa laifi. Nau'in Segawa da ya fi yawa daga ɗaya cikin iyaye ake gadonsa, zumunta ba ta da hannu. Inda take ƙara haɗari shi ne ciwon Wilson, mai tara sinadarin tagulla a hanta da ƙwaƙwalwa, wanda likitan ido kan iya gano zobensa a gefen baƙin ido, kuma shi ma yana da magani in an gano shi da wuri.