Tsinken Gwajin Fitsari: A Ƙirga Kwanaki Kafin A Ce Mace Juya Ce

Akwai wata magana da ta daɗe tana cin mutanen Arewa mazauna Kudu a rai, amma ba a faye ɗaga murya a kanta ba saboda kunya, watau maganar jinkirin haihuwa. Mutum ya baro gida ya zo Ikko ko Badun ko Anacha neman abinci, ya bar matarsa a can wajen iyayensa. Ba ya leƙa gida sai da salla, ko kuwa in an yi rasuwa, ya yi kwana huɗu ko biyar ya juyo domin kada ciniki ya wuce shi. Shekara ɗaya ta wuce, ta biyu ta bi bayanta, shiru. Sai uwar miji ta fara tsaki, ƙannen miji su fara habaici, daga nan a ce yarinya juya ce, a shiga neman wata. Ba wanda ya tsaya ya ƙirga kwana nawa mijin nan ya yi a ɗakinta cikin shekara biyun, balle a tambaya ko kwanakin sun dace da lokacin da ciki ke shiga.

Alhali kuwa lokacin nan ƙanƙane ne ƙwarai. Mace takan saki ƙwai ɗaya ne tsakanin al'ada da al'ada, ƙwan kuwa ba ya wuce awa 12 zuwa 24 da rai in bai gamu da maniyyi ba. Shi maniyyi yana iya yin kwana biyar a jikinta yana jira. In aka haɗa, wajen kwana shida ke nan kacal cikin wata. Magidancin da ya je gida bayan kwanakin nan sun wuce, ko da lafiyarsa ƙalau, matarsa ma ƙalau, da wuya ya bar rabo. Kuma ba ranar kowace mace ce ɗaya ba. Wadda al'adarta ke zagayowa bayan kwana 28 takan saki ƙwai wajen rana ta 14, amma wadda tata ke kai kwana 35 sai wajen rana ta 21. Ƙirgen ka yakan ruɗe a nan.

To, a nan ne tsinken gwajin fitsari, wanda ake sayarwa a kemis, yake da rana. Jikin mace yana da waɗansu sinadarai da likitoci ke kira homon, su ne ke tafiyar da al'ada da ɗaukar ciki, kuma sukan fito a fitsari. Ɗaya daga cikinsu, mai suna LH, yakan hau ƙwarai awa 24 zuwa 36 kafin ƙwai ya fito. Mace ta tsoma tsinken a fitsarinta kowace rana, tana farawa 'yan kwanaki kafin lokacin da take zato. Ran da layi na biyu ya yi duhu kamar na farko ko ya fi shi, to, ranar nan da kashegarinta su ne mafi kusa da rabo, in Allah ya nufa. Matar da ta yi haka wata biyu ko uku tana sa alama a kalanda, za ta iya gaya wa maigida tun da wuri makon da ya kamata ya shiga mota. Kuɗin mota daga Ikko zuwa Sakkwato ba wasa ba ne, gara a biya shi a makon da ya dace.

Tsinke na biyu shi ne wanda aka fi sani, na gwajin ciki. Shi kuma yana neman homon mai suna hCG, wanda jiki ke soma yi bayan ɗan tayi ya kama a mahaifa. Da, sanin wannan aiki ne ja. A shekarar 1927 waɗansu likitoci biyu a Jamus, Aschheim da Zondek, suka gano ana iya sanin ciki ta yi wa ɓeraye allurar fitsarin mace, sa'an nan a feɗe su a duba bayan kwanaki. Daga baya aka koma ga wani irin kwaɗo na Afirka ta Kudu, wanda yakan zuba ƙwai in an yi masa allurar fitsarin mai ciki. Sai a 1971 aka fara sayar da na gida a Kanada, wanda wata Ba'amurkiya, Margaret Crane, ta tsara, shi ma sai an jira awa biyu. Irin na yanzu mai ba da amsa cikin 'yan mintoci ya fito a Ingila a 1988.

Amfaninsa ga matar da aka kawo Kudu ba kaɗan ba ne. Ga ta a ɗaki guda a Agege ko Sabon Badun, ba uwa kusa, ba goggo, ba ta jin Yarabanci, Turancin ma sai a hankali. In ta yi ɓatan wata, wa za ta tambaya? Sau da yawa sai a ɗauka zazzaɓi ne ko taifot, a yi ta ɗura mata magungunan kemis da jiƙe-jiƙe, waɗanda waɗansunsu ba su dace da ƙaramin ciki ba. Da tsinke guda da fitsarin asuba, tun ranar da al'ada ta ƙi zuwa, za ta san inda take. A wannan gwajin ko layi na biyu ya fito dishi-dishi, ciki ne. In bai fito ba kuma al'ada ba ta zo ba, a sake bayan 'yan kwanaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016 cewa mai ciki ta fara zuwa awo cikin mako 12 na farko, wadda ba ta san tana da ciki ba kuwa ba za ta je ba.

Har wa yau tsinken garkuwa ne daga macuta. A 2024 sashen bincike na BBC ya tona asirin waɗansu masu kiran kansu likitoci a Jihar Anambra, waɗanda ke karɓar kuɗi masu yawa daga matan da suka matsu, su yi musu allurai har ciki ya kumbura, su ce ai wani ɓoyayyen ciki ne wanda gwaji ba ya gani, ƙarshenta a miƙa musu jaririn wata. Duk wanda ya ce da mace kada ta yi gwaji, ko kada ta je a yi mata hoton ciki, aljihun mijinta yake hange.

Amma fa kada a ɗora wa tsinke kayan da ba nasa ba. Ba ya ganin bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa in ya toshe, wannan kuwa yana cikin manyan dalilan rashin haihuwa a ƙasashen Afirka, galibi sakamakon ciwon sanyi ko cutar da ta shiga bayan haihuwa ko ɓari. Akwai kuma matan da homon ɗinsu na LH ke zama sama kullum saboda wata larura ta ma'ajiyar ƙwai, sai tsinken ya yi ta nuna musu layi alhali ƙwai bai fita ba. Na gwajin ciki shi ma ba ya faɗin inda cikin ya zauna. Matar da ta ga layi biyu sa'an nan ta ji ciwo mai tsanani a gefen mara, ko ta ga jini, ko jiri ya ɗebe ta, a kai ta asibiti nan take, domin mai yiwuwa ne cikin a wajen mahaifa yake, wannan kuwa yana kisa.

Babban abin da tsinken ba ya gani shi ne maigida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 wajen mutum ɗaya cikin shida na manya a duniya yakan gamu da matsalar haihuwa a rayuwarsa, likitoci kuma sun daɗe da sanin cewa kusan rabin irin waɗannan matsaloli da hannun namiji a ciki. Saboda haka in mace ta bi kwanakinta, miji yana nan, aka shekara ba labari, ko wata shida ga wadda ta haura shekara 35, sai su tafi asibiti su biyu. Awon maniyyi ya fi yawancin awon mata sauƙi da araha, abin da ke hana shi girman kai ne kawai. Wani ya gwammace ya yi aure uku da ya miƙa kwalba ɗaya a ɗakin awo.

Tun da yawancin matan ba su fita kasuwa, sayen tsinken a wuyan maza yake. A saya a kemis na ƙwarai, kada a saya a tiren da rana ta dafa a tasha, domin zafi da laima suna lalata shi. A duba lambar NAFDAC da ranar da zai daina aiki, a kuma tabbata wanne aka karɓa, na ƙwai ko na ciki, domin kamarsu ɗaya. Takardar da ke ciki da Turanci take, saboda haka a sa mai kemis ya faɗi minti nawa ake jira kafin a duba, gama layin da ya fito bayan lokacin ya wuce ba a aiki da shi.